Haddar Hafsat da Gasar Harsuna

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano,
Asabar, 11 ga Oktoba, 2025,
ƙarfe goma da kwata na safe.

Zuwa ga Babana, Malam Habila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya ƙafar? Yaya Mama da aikin girbi, da ƙanena Godwin? Ina rubuto maka ne daga ɗakin malamai, yanzun nan yara suka watse, ko allin da ke hannuna ban wanke ba. Na haƙura da kiran waya tunda ka ce kunnenka ba ya ɗaukar maganata a ciki. Ni ma na fi sakewa a takarda, domin ina iya komawa in duba abin da na faɗa. Direban da ke lodin Zonkwa zai kawo maka.

Ranar da na gama bautar ƙasa ka tambaye ni me zan yi da digirin kimiyyar harshe ban da koyar da Turanci. Ban ba ka amsa ba, don ba ni da ita. Yanzu ina ganin na samu wata 'yar ƙarama.

Akwai wata gasa da wasu malaman jami'a suka shirya wa 'yan sakandare. Ba muhawara ba ce, ba kacici-kacici ba ne. Ana ba yaro jimloli kaɗan a cikin yaren da bai taɓa ji ba, da fassararsu, sai a ce ya gano yadda yaren ke tafiya da hankalinsa kawai. Bari in ba ka misalin da na fara da shi. A Swahili, “ninasoma” na nufin ina karantawa, “unasoma” kana karantawa, “alisoma” ya karanta. To yaya za a ce na karanta? Ka ajiye takardar ka gwada kafin ka ci gaba. Amsar ita ce “nilisoma”. Idan ka samu, to ka ɗanɗana abin da nake so yarana su ɗanɗana.

Na je wurin shugaban makarantarmu, Malam Isyaku, na roƙi lokaci. Ya ba ni safiyar Asabar, daga takwas zuwa goma, wadda a da ta lesin lissafi ce. Amma aro ne, kuma da sharaɗi. Za a yi zagayen farko na gasar ranar 29 ga Nuwamba. Idan ɗalibi ko ɗaya ya tsallake zuwa zagaye na biyu, Asabar ta zama tawa. Idan babu, ta koma wa lissafi, kuma ya ce kada in sake tayar masa da zancen. Ba da fushi ya faɗa ba. Ya ce iyaye sakamakon jarrabawa suke dubawa, shi kuma iyaye yake dubawa. Ban ga laifinsa ba.

Yara tara ne suka shiga. Uku zan gaya maka, don su ne za ka riƙa jin sunayensu. Hafsat 'yar ajin ƙarshe ce, ta haddace Alƙur'ani tun tana aji uku, kuma tunda ta shigo makarantar nan ba a taɓa ƙwace mata na ɗaya ba. Joshua yana aji biyar, iyayensa mutanen Filato ne, cocinmu ɗaya. Sai Ƙasimu, wanda ya faɗa mini da bakinsa cewa gudun lissafi ne ya kawo shi.

Baba, yaran nan suna ba ni mamaki. Ina warware tambaya tare da su a allo, su kwafa, mako mai zuwa in gwada su a kan yaren, in ɗan sauya jimlolin. Yau duka taran babu wanda ya faɗi ko ɗaya. Na sake duba takardun don kada a ce ni na yi kuskuren maki. Ban yi ba.

A gaida Mama. Ka riƙa shan maganin a kan lokaci.

'Yarka,
Esther.

Daurawa, Kano,
Lahadi, 2 ga Nuwamba, 2025.

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Mama. Na samu saƙon citta da zuma, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na kuma ga amsarka, ka samu “nilisoma” daidai, sai dai Godwin ya tona maka asiri cewa sai da ka leƙa.

Ka janye murnar da na sa ka yi a wancan karon. Jiya na yi musu gwaji irin na ranar gasa, na kawo tambaya a wani yare na tsibiran tekun Pasifik wanda ba mu taɓa taɓawa ba. Ba ta fi waɗanda muka yi wuya ba, na auna ta da kaina kafin in kawo. Na raba takardu na koma na zauna. Babu alƙalamin da ya motsa. Can sai Hafsat ta miƙe cikin ladabi ta ce, “Malama, ina ganin an yi kuskuren takarda. Ba mu zo nan ba tukuna.” Na ce ba kuskure ba ne, su ci gaba. Da lokaci ya cika na karɓi takardu tara, babu komai a kansu sai suna da aji.

Na rasa gane abin da ya faru, sai da na fito zan nemi adaidaita sahu. A bayan katangar makaranta akwai wata dalbejiya. Na jiyo muryoyi suna tashi suna sauka tare, na zagaya, sai ga yarana a zaune sun yi da'ira. Hafsat na tsakiya riƙe da littafi, sauran suna jero kalmomin Swahili da na Turkanci da ka, tana tsayar da duk wanda ya yi tuntuɓe. Ashe haka suke yi kullum bayan an tashi. Sun haddace kowace kalma da kowace ƙa'ida da na taɓa rubutawa a allo, har da wuraren da na ja layi. Abin da nake ta yi wa maki ke nan ina murna. Joshua ma bai ga wani abin mamaki ba, ya ce ai haka suke yi da ayar haddacewa a makarantar Lahadi, kuma shi ke cin kyauta.

Na zauna a kan wani bulo na yi musu bayani cewa yaren da za a kawo ranar gasa babu wanda ya san shi, ko ni. Joshua ya yi ɗan tunani, sannan ya tambaye ni yare nawa ne a duniya, don su raba a tsakaninsu kowa ya ɗauki nasa kason. Na ce wajen dubu bakwai. Ƙasimu ya dafe kai ya ce, “Malama, wallahi gara lissafi, shi aƙalla yana ƙarewa.” Kowa ya yi dariya ban da Hafsat. Ita kallona kawai take yi, kamar na karɓe mata wani abu nata.

Ban ga laifinsu ba, Baba. Duk wani karatu da aka taɓa yaba musu a kansa, ta wannan hanyar suka yi shi. Kai ma da kake hedimasta na san haka aka yi a gabanka.

Jiya da yamma na yi kuka kaɗan, ba zan ɓoye maka ba. Yau na tashi da shawara. Daga yanzu ba zan sake kawo yare ɗaya sau biyu ba, kuma babu wanda zai tafi gida da komai. In an gama zan karɓe takardu, in goge allo. Matsalar ita ce tambayoyin da na samo a intanet sun kusa ƙarewa, waɗanda suka rage sun fi ƙarfinsu. Dole in ƙirƙiri nawa. Maƙwabciyata Mama Titilope ta yarda ta ba ni jimlolin Yarbanci, Chibuike mai sayar da kayan gyaran babur ya ce in zo shagonsa in babu ciniki, mai kawo mana nono kuma ta ba ni na Fulatanci tana ta yi mini dariya.

Saura kai. Ina roƙonka ka rubuto mini gajerun jimloli a yarenmu na Bajju da fassararsu, irin waɗanda suka yi kama da juna: karena ya gudu, karenka ya gudu, akuyata ta ci, akuyoyinsu sun ci. Ka rubuta dalla-dalla. Na san za ka ce da na saurare ka tun ina yarinya da ba sai na roƙa ba. Ka faɗa, na karɓa, amma ka rubuto.

'Yarka mai jiran amsa,
Esther.

Daurawa, Kano,
Lahadi, 16 ga Nuwamba, 2025.

Babana abin ƙaunata,

Ina gaishe ku da kyau. Na ji daɗin jin cewa kumburin ƙafar ya saɓe. Jimlolinka sun iso, har ka ƙara mini fiye da abin da na roƙa, kuma na ga inda Mama ta gyara maka biyu da jan biro. Ban shiga tsakaninku ba, nata na ɗauka.

Sabuwar dokar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ranar farko da na ɗauki dasta zan goge allo, Joshua ya ce in yi wa Allah in bari su kwafa ko layi ɗaya. Na goge. Amma abin mamaki, Ƙasimu ne ya fara motsi. Shi da ma bai iya hadda ba, don haka bai yi asarar komai ba. Yana ta zato, yana sokewa, takardarsa kamar kaji sun yi tono a kai, kuma rabin zatonsa na fitowa daidai.

Hafsat ce ta zo ta ƙarshe a gwajin ranar. Da na kira makinta, ta ɗauki jakarta ta fita. Ranar Litinin Malam Isyaku ya kira ni ofis. Ya ce mahaifinta, Alhaji Zakariyya, ya zo da kansa riƙe da littafinta, ya buɗe ya nuna masa shafi fari fat. Ya ce shi bai taɓa jin darasin da ake zama awa biyu a tashi babu rubutu ba, kuma 'yarsa da ba ta taɓa faɗuwa ba ta dawo gida tana kuka, saboda haka ya cire ta. Malam Isyaku ya ce yara uku ma suna shirin bin ta, don duk inda Hafsat ta sa ƙafa nan suke sawa. Ya ba ni shawara in bar abin tun da sauran mutunci. Na ce ya yi mini haƙuri, shi da kansa ya tsayar da ranar 29, kuma ranar ba ta zo ba tukuna.

Ranar Alhamis bayan la'asar na nemi gidansu a Tarauni. Na tsara abin da zan faɗa tun a hanya, ina maimaitawa a cikin adaidaita, da na isa duk ya gudu. Alhaji bai dawo daga kasuwa ba. Mahaifiyarta, Hajiya Zainab, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo zoɓo, ta ce in yi haƙuri su ƙarasa abin da suke yi. Tana zuwa Islamiyyar matan aure, kuma Hafsat ce ke karɓar haddarta.

Ka san ba na jin Larabci, saurare kawai nake yi. Hajiya na cikin karatu sai Hafsat ta tsayar da ita. Ta sake, ta sake tsayar da ita a wuri ɗaya. Hajiya ta ce, “Ke dai Hafsatu kin cika tsanani, a gaban baƙuwa ma?” Hafsat ta ce, “Umma, kin tsallaka wata sura ne ba ki sani ba.” Sai ta karanta aya ɗaya, ta karanta wata. A kunnena duk ɗaya suke. Ta ɗaga yatsa ta ce nan akwai kalma kaza, can babu, sauran duk iri ɗaya ne, don haka wurin nan kaɗai za ki riƙe.

Baba, sai da na ajiye kofin. Da suka gama na tambaye ta yadda take yi ba ta rikita irin waɗannan. Ta ce ai duk mai hadda ya san akwai ayoyi masu kama da juna, kuma su ne ke kayar da mutane. Malaminsu ya koya musu su jera su kusa da kusa, su bar inda suka yi daidai, su zuba ido a inda suka rabu. Na ce mata abin da nake ta ƙoƙarin koya muku ke nan tun farko, kuma kin fi ni iya faɗinsa. Ta ɓata rai, ta ce wancan karatu ne mai girma, nawa kuwa wasan ƙwaƙwalwa ne, kada in haɗa su. Na ce ban haɗa ba kuma ba zan haɗa ba, idon da ta samu a can kawai nake roƙo ta ara mini.

Tambayar da na gina da jimlolinka tana cikin jakata. Na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora yatsa ɗaya a kan “karena ya gudu”, ɗaya a kan “karenka ya gudu”, ta fara magana ƙasa-ƙasa. Kafin Alhaji ya yi sallama ta gama rabi, kuma duk daidai. Na yi masa bayani iya iyawata. Ban san ko ya gamsu ba. Ya dai dubi 'yarsa da ba ta ko ɗago kai ta gaishe shi ba saboda takarda, ya ce ta koma, amma zuwa ranar gasa kawai.

Jiya ta dawo, ukun ma ba su tafi ba. Na ba ta alli na ce ta nuna wa sauran. Joshua ne ya fi kowa saurin ɗauka. Saura Asabar ɗaya kafin gasar. A sa mu a addu'a, ka gaya wa Mama ta gaya wa matan zumunta.

Taka,
Esther.

Daurawa, Kano,
Lahadi, 14 ga Disamba, 2025.

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, na ƙi rubutowa ne sai na ga sakamako da idona. Ya fito ranar Alhamis.

Joshua ya tsallake. Asabar ta zama tawa. Malam Isyaku ya faɗa a gaban asambile, ya kuma sa kafinta ya gyara mana tagar ajin. Ƙasimu bai tsallake ba, amma ya zo na biyu a cikin yaranmu, yana ta yawo yana cewa ashe shi ma mutum ne. Na so in tsaya nan in bar ka da murna, sai dai ba duka labarin ke nan ba.

Hafsat ba ta tsallake ba. Maki uku ya rage mata.

An yi gasar a wata makaranta da ke Ƙauyen Alu. Tambayoyi huɗu ne, kuma ana ba kowa farar takarda daban don gwaje-gwaje, wadda ba a karɓa. Da suka fito ta miƙo mini tata. Na zauna da ita a gida na warware tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, na ga ta samu kusan komai, ta zarce Joshua nesa. Shi ya sa da sakamako ya fito na tabbata kuskure aka yi, har na kira masu shirya gasar. Wata malama ta duba mini, ta ce babu kuskure: biyun farko ta cinye su duka, biyun ƙarshe kuwa ta bar yawancin guraben babu komai. Na tambaya ko za su karɓi takardar gwajin, ta ce doka ba ta yarda ba. Gaskiyarta.

Na sami Hafsat ranar Juma'a na tambaye ta dalili. Ta ce amsoshin nan ba ta tabbatar da su ba, kashi tara cikin goma ne kawai a ranta. Na ce ai ba a cire maki don an yi kuskure, na faɗa musu. Ta ce ta ji. Sai ta ce, “Malama, mu masu hadda in ka zo wurin da kake shakka tsayawa kake yi a tuna maka. Ba a ƙarasawa da zato. Na ɗauki biro zan kwafe, hannuna ya ƙi.” Joshua kuwa ya cike kowane gurbi, wasu daidai wasu shirme, kuma hanyar da ta koya masa ce ta kai shi. Shi da kansa ya je ya gaya mata haka. Ta ce masa ya yi mata godiyar a zagaye na biyu, kada ya ba su kunya.

Ita 'yar ajin ƙarshe ce, babu wata shekara a gare ta. Ban sa ran ganinta jiya ba, tunda izinin Alhaji ya ƙare. Ƙarfe takwas saura na same ta a bakin aji da takarda a hannu. Ta je wurin kakarta ta karɓo jimlolin Barbarci, ta tsara tambaya da kanta, ta ce a gwada Joshua da ita. Ta ce mahaifinta bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ba ta kuɗin adaidaita. Sababbin yara sun zo har kujeru ba su isa ba. Na ba ta alli na koma baya na tsaya.

Ka san ni, ba na son rufe takarda ban ware abin da ban sani ba. Ga su.

Ban san ranar zagaye na biyu ba, ko garin da za a yi, sun ce sai bayan hutu.

Ban san ko mahaifin Joshua zai bar shi ya yi tafiyar ba, har yanzu ban same shi ba.

Ban san ko Alhaji Zakariyya ya ga sakamakon ba, ko me ya ce wa 'yarsa a kai.

Ban san ko da na lura da wuri zan iya gyara abin da ya kayar da ita ba. Na duba tsofaffin takardunta, ko'ina haka take yi, inda ba ta tabbatar ba sai ta bar fili. Yana gabana duk tsawon lokacin, ina ƙirga abin da ta samu ban dubi abin da ta bari ba.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna: ban san yadda ake koya wa mai tsoron kuskure ya rubuta abin da bai tabbatar ba. A cikin sababbin akwai yara biyu masu irin halinta, na gane su tun daga yadda suke riƙe biro. Ni kaina ban iya ba, Baba, ka fi kowa sani. Na gaya wa Hafsat cewa ranar Asabar ni da ita za mu tsaya a allo da tambayar da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu, mu yi zato da ƙarfi a gaban kowa, duk abin da ya fito ya fito. Ta ce tana jin tsoro. Na ce ni ma. Ta ce za ta zo.

Zan iso gida ranar 23 in Allah ya yarda. A gaida Mama da Godwin da duk wanda ya tambaye ni.

'Yarka da ke kewarku,
Esther Habila.